Babban Harafi Ya Fi Ƙarami Tsufa

Makon jiya na kai bangon kundin digirina na biyu wani shagon buga takardu nan Kontagora. Taken duk manyan haruffa ne, sai KISHIN ƘASA ya fito KISHIN KASA. Da na yi magana, mai shagon ya ce ai babban harafi ba ya ɗaukar ƙugiya. Abin da ya sa na koma bincike ke nan.

Ashe Girkawa da Romawan da ba su san ƙaramin harafi ba. Abin da muke kira manyan haruffa shi ne rubutunsu gaba ɗaya, sau da yawa ma ba tazara tsakanin kalmomi. Rubutun da aka sassaƙa a gindin ginshiƙin Sarki Tarajan a Roma, shekara ta 113, har yau masu tsara haruffa na koyi da shi. Ƙananan haruffa daga hannun marubuta suka fito: alƙalami na sauri, siffa na lanƙwashewa. Wajen shekara ta 800, zamanin Sarki Shalaman, aka daidaita su a Turai. Na Girkanci suka bazu a ƙarni na 9.

Bayan Gutenbag ya buga Baibul wajen 1455, maɗaba'a ta ƙara kafa dokar haɗa su biyun. Masu jera haruffan dalma suna ajiye manya a akwatin sama, ƙanana a na ƙasa. Daga nan Turanci ya samo sunayensu.

Mu kuwa ajami muka gada, kuma shi, kamar Larabci, ba ruwansa da babba da ƙarami. Wannan rabo boko ne ya kawo mana shi, ta makarantar Ɗan Hausa a Kano tun 1909, sannan littattafan Zariya da Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939 suka zaunar da shi. Kuma Ɓ, Ɗ, Ƙ suna nan daram a cikin manyan haruffan Hausa, kwamfuta da waya duk suna da su.

To kun ga, kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu ba babban harafi, ma'ana ba ta ɓata ba. Amma ƙugiya ɗaya ta faɗi, ƙasa ta zama kasa. Don Allah ku duba bangon kundinku da kyau kafin a ɗinke. Ni dai sai da na sake biyan kuɗin bugu.