Goro a Bakin Rana: Fatake da Zafin Arewacin Togo

In ana zancen wuraren da suka fi zafi a duniya, akan ambaci Kwarin Mutuwa na Amurka, inda aka auna digiri 56.7 a ranar 10 ga Yuli, 1913, ko Dallol ta Habasha, wadda matsakaicin zafinta na shekara ya haura digiri 34. Waɗannan wurare mutane kaɗan ne suka taɓa zama a cikinsu. Arewacin Togo bai kai su ƙuna ba, amma tarihinsa ya fi nuna yadda ɗan Adam ke neman abinci a ƙarƙashin rana mai tsanani.

A yankin Dapaong, ruwan sama yakan ɗauke daga watan Nuwamba. Hunturu ya zo da ƙura da bushewa, sannan bazara ta biyo baya, zafi ya kai wajen digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. A cikin wannan rani ne fataken Hausa na ƙarni na 19 suke tafiya Gwanja, domin da damina koguna sukan cika su tare hanyar jakuna. Wata hanya takan bi ta Sansanne Mango, kudu da Dapaong, zuwa Yendi da Salaga. Wata kuma takan biyo ta Nikki da Djougou, ta ratsa ƙasar Kotokoli, inda unguwar Didaure ta Sokodé ta zama mazaunin Musulmi 'yan kasuwa.

Kayan tafiya, wato kanwa da tufafi da fatu, suna jure rana. Kayan dawowa ne abin fargaba, domin goro ɗan kurmi ne, in ya bushe ya tashi daga dukiya. Saboda haka akan naɗe shi cikin ganyen fita a ɗaure huhu, a riƙa kwancewa a zango ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ƙwari suka ci. Madugu yakan tayar da ayari tun asuba, a sauka kafin rana ta take, kuma inda ruwa yake nan ne zango. Kuskuren lissafin rijiya ɗaya yana iya cinye jarin shekara guda.

Mazauna ƙasar kuwa sun mai da tsananin wurin garkuwa. A tsaunukan Nok da Mamproug, kudu maso yammacin Dapaong, mutane sun gina rumbunan laka a cikin kogunan dutse tsakanin ƙarni na 17 da na 19, suna fakewa can da hatsinsu idan mahara suka taso. An sa wurin cikin jerin share fage na UNESCO a shekarar 2000.

Abin da rana ta kasa, siyasa ce ta yi. Bayan Ingila ta ci Asante a 1874, goro ya ragu a Salaga, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa 'yan kasuwarta. A ƙarshen ƙarnin Jamusawa suka kafa bariki a Sokodé da Mango, daga baya jirgin ruwa da na ƙasa suka karɓe jigilar goro. Ayari ya ƙare, amma unguwannin da ake kira Zongo da harshen Hausa da ake ji a kasuwannin biranen biyu sun wanzu.