Kalma Ɗaya, Asali Uku: Tarihin "Hide"

Duk mai riƙe da wayar zamani ya taɓa cin karo da kalmar hide. Ka latsa ta, hoto ko saƙo ya ɓace daga gabanka. Amma in ka buɗe ƙamus ɗin Turanci za ka tarar tana nufin ƙirgin saniya, tana kuma nufin wani ma'aunin ƙasa na tsohuwar Ingila. Kalmomi uku ne daban a tsohon Turanci: hydan, hyd da hid. Sauyin lafazi ne ya haɗa su a rubutu ɗaya, kamar yadda garin zama da garin tuwo suke zama iri ɗaya a rubutun boko.

Ta fata ita ce ta fara shiga kunnen Bahaushe. A harshen 'yan kasuwar Turai, hide fatar babbar dabba ce kamar sa ko raƙumi, skin kuma ta akuya ko tunkiya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka duƙufa sayen waɗannan kaya, su ne muke kira fatu da ƙiraga. Wato majema da dillalai sun riga sun mallaki kalmomin da suka raba biyun.

Ta ƙasa ita ce mafi ban sha'awa. Tushenta ɗaya da wata tsohuwar kalma mai nufin mutanen gida, domin asalin ma'anarta shi ne gonar da za ta ciyar da iyali guda, kusan abin da muke nufi da gandu. Malamin tarihi Bede, wanda ya kammala littafinsa a 731, da iyalai yake auna ƙasa: ya ce tsibirin Wight na iyali 1,200 ne, na Thanet kuma na 600. Daga baya aka riƙa ƙiyasta hide ɗaya da eka 120, amma ba a tsaya a kan haka ba, tunda gona mai albarka ba ta buƙatar faɗin mara albarka.

Sarakuna kuwa suka ga abin ƙirga talakawa ya samu. Wata takarda ta farkon ƙarni na 10 ta nuna cewa kowane hide zai ba da mutum ɗaya don gyaran ganuwa da tsaronta, an kuma ɗora wa birnin Winchester hide 2,400. Da shi aka riƙa raba harajin da ake tarawa don sallamar mahara daga Denmak. A 1084 Sarki Wiliyam, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya karɓi sule 6 a kan kowane hide. A 1086 ya aika aka ƙirga yawancin ƙasar a kundin Domesday. A lokacin kalmar ta daina faɗin abin da iyali zai ci, ta koma faɗin abin da zai biya. Wasu manyan gonaki na masu fada a ji ma an rubuta musu adadi ƙasa da girmansu, don harajinsu ya yi sauƙi.

Ta ɓoyewa ita ce ta fi tsawon rai, har ta samu sabon aiki a kwamfuta. A 1972 David Parnas ya bayyana wata ƙa'ida da masu rubuta manhaja ke bi har yau: kowane sashe ya ɓoye yadda yake aiki a ciki, ya nuna wa sauran abin da suke buƙata kawai. Wannan ɓoyo na tsari ne, ba na sirri ba. Haka ma a Linux, fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo ba ya bayyana a jeri, amma yana nan daram.

A nan ne tarihin ya shafi aljihunka. Abin da ka latsa wa hide labule kawai aka ja masa, ba a goge shi ba, sau da yawa ma ba a kulle shi ba. Kafin ka sayar da waya ko ka miƙa wa mai gyara, ka tabbatar wanne ka yi: ɓoyewa ko gogewa.