Tsakanin Bindiga da Baka: Yadda Talotalon Jeji Ya Kuɓuta a Amurka

A shekarar da nake karatu a jihar Ohio ta Amurka, wani dattijo manomi da na saba da gidansa ya gayyace ni farautar talotalon jeji a watan Afrilu. Ana gobe za mu fita ya ɗauko makamai biyu ya ajiye a gabana, ya ce in zaɓa. Ɗaya bindigar farauta ce, irin mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. Ɗayan baka ne da aka gitta a kan ƙota irin ta bindiga, ana ɗana tsarkiyarsa ta tsaya cak sai an danna kunama. Na daɗe ina dubansu. Abin da na ɗauka zaɓi ne na dare ɗaya, daga baya na gane tarihi ne na ɗaruruwan shekaru aka shimfiɗa mini a kan tebur.

Talotalon da muke kiwo a gidajenmu baƙo ne. Asalinsa Amurka ta Arewa. Mutanen Meziko na dā ne suka mayar da shi na gida, Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga nan ya bazu a duniya har ya iso gare mu. Ɗan'uwansa na jeji kuwa ya ci gaba da zama a dazuzzuka, tsuntsu mai kaifin gani da saurin gudu. Mutanen ƙasar na asali da baka suke farautarsa. Suna cin namansa, suna yi wa kibau fiffike da gashinsa, suna kuma haɗa abin busa da ƙashin fiffikensa don kwaikwayon kukan mace. Baka makami ne mai gajeren zango, kuma mai baka dole ya motsa kafin ya ja tsarkiya, talotalo kuwa motsi kaɗan yake jira ya ɓace. Saboda haka aka shafe ƙarnoni ana farautarsa bai ƙare ba.

Turawan da suka sauka a Plymouth sun tarar da shi jingim, kamar yadda gwamnansu William Bradford ya rubuta game da kakar 1621. Amma sun zo da abu biyu da tsuntsun bai san su ba: gatari mai share daji domin gona, da bindiga mai kai wa kasuwa nama. Babu lokacin hani, babu iyakar adadi. Ana harbinsa a kan bishiya da dare yana barci, ana zuba masa hatsi a yi masa kwanton ɓauna. Jihar Connecticut ta rasa nata a 1813, Massachusetts a 1851, Ohio inda nake zaune a 1904. Zuwa 1920 ya ɓace daga jihohi 18 cikin 39 da aka san shi a cikinsu. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ce a shekarun 1930 abin da ya saura bai wuce dubu 30 ba, a ƙasar da a dā ake lissafa shi da miliyoyi.

Mai karatu zai iya cewa ai magana ta ƙare, bindiga ce mai laifi, baka ya kuɓuta. Tarihin bakan nan mai kunama bai yarda da wannan hukunci ba. A zamaninsa shi ne makamin da ake tsoro. Sinawa sun yi yaƙi da shi ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa, an kuma tono kunamunsa na tagulla a kusa da kabarin sarkinsu na farko a Xi'an. A Turai, taron manyan limaman coci na Lateran a 1139 ya haramta harbin Kirista da shi da sauran baka. Haramcin bai hana komai ba, domin da kibiyarsa aka harbi Sarkin Ingila Richard na Ɗaya a Faransa a 1199, ya mutu. Abin da ya sa ake ƙinsa shi ne sauƙinsa: ɗan ƙauye zai koye shi a 'yan kwanaki ya kayar da jarumin da ya ƙare rayuwarsa a kan doki. Bindiga ce ta zo ta ture shi, da wannan sauƙin dai amma fiye.

Yadda talotalo ya dawo shi ya fi ba ni mamaki. A 1900 dokar Lacey ta hana ketare iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, kasuwar masu farautar sayarwa ta fara mutuwa. A 1937 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar Pittman-Robertson, wadda ta karkatar da harajin bindigogin farauta da harsasai zuwa ga jihohi domin kula da namun daji. A 1972 aka shigar da baka da kibiya cikin harajin, wanda yake kashi 11 cikin ɗari. Ma'ana, makaman nan biyu da dattijo ya ajiye mini kowanne ya biya wa talotalo kuɗi tun ranar da aka saye shi.

Kuɗi kaɗai bai isa ba. Da farko an ƙyanƙyashe talotalo a akurki aka sake su a daji, suka mutu, don wanda bai tashi a gindin uwa ta jeji ba bai san maƙiyi ba, bai san abinci ba. Mafita ta zo a 1951 a dajin Francis Marion na jihar South Carolina, inda wani masanin namun daji, Herman Holbrook, ya kama talotalon jeji da raga wadda ƙananan igwoyi ke cillawa ta rufe garke. Albarushin da ya kusa ƙarar da shi, da shi aka fara kama shi da rai ana kai shi dazuzzukan da suka sake tsirowa a gonakin da aka yi watsi da su. Ohio ta sake buɗe farautarsa a 1966 a gundumomi tara, aka kama tsuntsaye 12 kacal a kakar. Lokacin da aka kafa ƙungiyar kare talotalon jeji ta ƙasa a 1973, yawansa ya kai kimanin miliyan 1.3. A farkon ƙarnin nan ya doshi miliyan 7, ana samunsa a kowace jiha ban da Alaska, ko da yake a 'yan shekarun nan ya sake raguwa a wurare da dama.

A daren nan dattijo ya bayyana mini bambancin makaman. Mai bindiga kai da wuya yake auna, daga nisan da bai fi yadi 40 ba, ƙwayoyin su bazu su rufe wurin. Mai baka kibiya ɗaya gare shi, wurin da zai sama a jikin tsuntsun bai fi dunƙulen hannu ba, yana kuma ɓoye cikin gashi. Falalarsa ita ce shiru, kuma tunda a ɗane yake ba sai an motsa ba. Aibinsa shi ne kuskuren ɗan yatsa biyu ya isa tsuntsu ya tsere da rauni ya je ya mutu a ƙungurmi. Sai ya ce: «Yaro, kada ka duba wanda ya fi burge ka. Duba wanda hannunka ya iya.»

Zuciyata baka take so, don ya fi kama da jarumta. Amma ban taɓa harba shi ba, kuma ba ni ne zan biya kuɗin koyona ba, tsuntsun ne. Na ce: «Baba, bindigar zan ɗauka.»

Da asuba muka jingina da gindin wata bishiya, takardar izinina ta ɗan koyo a aljihu. Ya yi ta busa kukan mace. Can hantsi ya fara dubi sai ga talotalo ya fito daga cikin ciyawa, bai fi taku ashirin da mu ba. Na ɗora yatsa a kunama. Dattijo ya dafa gwiwata a hankali. Mace ce, ba ta da gemu, dokar kakar kuwa mai gemu kaɗai ta halatta, domin lokacin kwanci ne. Ta yi kiwonta ta wuce.

Mun koma gida hannu banza. A hanya na tuna cewa mafarautan 1904 ma suna da bindiga, suna da gwaninta fiye da tawa. Abin da ba su da shi shi ne hannun da zai dafa musu gwiwa, da dokar da ke bayan hannun. Tun daga ranar, idan aka tambaye ni wanne ya fi tsakanin baka da bindiga, nakan fara tambayar wa ke riƙe da shi, da kuma abin da aka hana shi harbi.