Manyan Baƙaƙe da Ƙugiyar da Ta Ɓace

Duk wanda ya bi titin Bosso daga ƙofar tsohuwar harabar Jami'ar Fasaha ya nufi cikin Minna, zai ga kusan duk allunan shaguna da manyan baƙaƙe zalla aka rubuta su. Mai fenti ya san babban baƙi ake hangowa daga nesa. To amma a nan ne Hausarmu take asarar ƙugiyarta. Ƙosai ya koma KOSAI, ɗinki ya koma DINKI, ɓata kuwa ya zama BATA, sai ka ce kamfanin takalmi.

Abin yana da tarihi. Ajamin da kakanninmu suka zo da shi nan lokacin da aka shimfiɗa layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka gama a 1911, bai san babba da ƙarami ba, baƙi baƙi ne kawai. Boko ne ya zo da wannan rabo. Su ma Turawa da manya suka fara, irin waɗanda aka sassaƙa a ginshiƙin Trajan a birnin Rum a shekara ta 113. Ƙananan daga baya suka samu a hannun masu kwafar littattafai.

Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, kuma an daɗe ana sa ɗigo ko 'yar alama a gefen baƙi don bambance sautin. A zamanin Rupert East a Zariya, cikin shekarun 1930, ɓ, ɗ da ƙ suka kafu, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 ta yaɗa su. Ƙaramin baƙi yana da doguwar sanda da za a lanƙwasa. Babban B da D ba su da ita, dole aka liƙa musu ƙugiya a kafaɗar hagu: Ɓ, Ɗ. Shi ya sa suke wuyar zane, kuma yawancin kekunan rubutu ba su da su.

A shekarun 1980 Bajamushe Hermann Zapf ya zana baƙaƙen harsunan Nijeriya, Unicode kuma ta shigar da namu tun 1991. Yau suna cikin wayar kowa. Sai dai da yawa daga cikin baƙaƙen ado na fosta har yanzu A zuwa Z kaɗai aka zana musu, don haka mai buga bana a kwamfuta yakan cire ƙugiyar don kada baƙon baƙi ya faɗo tsakiyar kalma.