Asalin Kalma: Fito

A Birnin Ƙonni da Malbaza da Tajaye, in an ce "kuɗin fito", harajin da duwan ke karɓa a kan kaya ake nufi. Amma a bakin kogi aka haifi kalmar. Tushenta aikatau ne, "fita": wanda ya shiga jirgi a wannan gaɓa zai fito a waccan, sai aka kira aikin ƙetarar da mutane da kaya fito. Fataken goro masu zuwa Gwanja kan tsaya a bakin Kwara, a wurare irin su Yawuri, su biya masu jirgi ladansu, sarkin gari ya karɓi rabonsa. Tun nan kuɗin fito ya haɗa ladan aiki da haƙƙin hukuma.

Wani zai ce ƙasar Ƙonni ba ta da babban kogi, Maggiya ma sai da damina take gudu, to ina ruwanta da kalmar masu jirgi? Amsa ita ce, fatake sun ɗauko kalmar tare da kayansu. Da Faransa da Ingila suka shata iyaka a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sai iyakar ta zama abin da ake ƙetarewa da biya, kamar kogi. Wani kuma zai kawo fito na busa da baki. Wannan kalma ce dabam, da dogon wasali a farkonta. Saboda haka kuɗin fito gadon fatauci ne, ya girmi ofishin duwan.