Dutse Gadawur: Daga Takur Zuwa Dutsen Habude

Ranar da ɗana na biyu ya dawo daga makaranta da haddar jihohi da manyan biranensu, a tsakar gida ya zauna yana rerawa: Jigawa, Dutse, 27 ga Agusta 1991. Da ya gama sai ya ɗago kai ya ce, "Abba, kafin 1991 ɗin me ke nan wurin? Daji ne?" Tambayar nan ta kwana biyu tana cina. A unguwar Takur ta Dutse aka binne cibiyar yaron, kullum ya leƙa ƙofar gida duwatsu yake fara gani, amma ba a taɓa gaya masa cewa a tsakanin duwatsun nan akwai garin da ya yi sarakuna ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa ba. Shi ya sa da kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, ciyawa kuma ba ta gama bushewa ba, muka sa ranar Asabar don mu kai yaran su gani da idonsu. Ni da uwargida da yara uku da mahaifiyata, wadda suke kira Hajiya, muka cika mota da ruwan sha da dambu da tabarma, muka fita bayan sallar asuba.

Yaron bai yi laifi ba, domin Takur ɗin da ya sani sabuwar fuska gare ta. Akwai Takur Adu'a, akwai Takur Site, kuma galibin magidantan da suka cika su aiki ne ya kawo su. Lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga Kano, an raba ma'aikata, aka ce 'yan Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim da Birnin Kudu su tattara takardunsu su nufi Dutse. Suka tarar da garin da bai shirya karɓar baƙi masu yawa haka ba: ofisoshi kaɗan, gidajen haya kaɗan. Da yawa suka bar iyali a Kano, su zo Litinin su koma Juma'a, har abin ya zama ɗabi'ar garin. A zamanin Saminu Turaki an rarraba ma'aikatu zuwa wasu garuruwan jihar, Sule Lamido ya dawo da su Dutse bayan 2007. Daga nan gari ya fara cika: sabuwar sakatariya, Jami'ar Tarayya a 2011, filin jirgin sama a 2014. Wanda ya tashi a cikin wannan hada-hada dole ya ɗauka jiya aka kafa garin.

Sunan jihar daga jigawa aka samo shi, wato tudun rairayi, kuma duk wanda ya bi hanyar Jahun ko Kafin Hausa ya san ba a yi kuskuren suna ba. Amma babban birninta sunan dutse ya ci. Masana ilimin ƙasa sun auna shekarun duwatsun nan, suka ce sun kai kimanin miliyan 213. Narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare, dangin duwatsun Jos da ake samun kuza a cikinsu. Jerin ya faro daga Azbin a Nijar, ya biyo ta Damagaram, ya shigo Nijeriya ta nan, ya gangara har Afu a Jihar Nasarawa, kuma na arewa ya girmi na kudu. Ke nan a cikin na Nijeriya, namu ne babban wa. Su kuwa ƙwallayen da ake gani an ɗora wani kan wani kamar da hannu, aikin zafin rana ne da sanyin dare da ruwan damina: su ne ke tsaga dutse, su cinye kusurwoyinsa a hankali har ya zama kamar tulu. A ƙarƙashin irin waɗannan ne ake samun kogo da rumfar dutse, inda jemagu da rema ke fakewa, inda mutanen da ma suka fake.

Daga Takur zuwa Garu tafiyar 'yan mintoci ce, amma da ka fara hawa za ka ji ka shiga wani gari daban. Hanya ta ƙuntata, gidaje sun jingina da duwatsu, wani katangarsa ma rabinta dutse ne rabinta ƙasa. Awaki na tsaye a kan falalen da mutum ba zai iya takawa ba. Nan ce tsohuwar Dutse, kuma nan fadar sarki take, da zanen bango mai launuka wanda ke sa baƙo ya rage sauri. Ruwayar garin ta ce wani maharbi mai suna Duna-Magu, mai asali da Barno, shi ya fara gano wurin yana farauta, ya tarar da gada birjik, daga nan aka sami sunan Gadawur. Wannan labarin baka ne, kuma haka na gaya wa yaran. Abin da ke rubuce shi ne na littafin tarihin sarakunan Kano, inda aka ambaci Dutse a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka ce ya auri 'yar Sarkin Dutse. Sarkin Kano ba ya zuwa neman aure a ƙauyen da bai kai ya kawo ba. Tun a ƙarni na 15, ke nan, Dutse gari ce mai sarki, mai nauyin da ake neman surukuta da ita. Bayan shekara kusan ɗari uku, Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, yaƙi ya kawo mata.

Da ka tsaya a kan tudun Garu ka dubi ƙasa, dalilin duk wannan zai fito maka fili. Fili ne shimfiɗe ta kowace fuska, sai wannan tarin duwatsu a tsakiya. Mahayin doki ba zai taso daga nesa ba a hango ƙurarsa ba, idan kuma ya iso dokinsa ba zai hau ba. Ga kwaruruka masu riƙe ruwa a tsakanin duwatsun, ga ƙasar noma a gindinsu. Abin da duwatsu suka bari a buɗe sai aka toshe shi da ganuwa. Ruwayar masarauta ta ce ganuwar Dutse ƙofa 12 gare ta, kuma wasu sunayen ƙofofin har yau suna bakin mutane a matsayin unguwanni: Kachi, Zai, Galamawa, Maranjuwa. Mai adaidaita sahu na kiran sunayen nan sau ɗari a rana. Ita ganuwar kanta kuwa sai mai neman ta zai gan ta, domin ruwa da gine-gine sun ci galibinta. Wani dattijo da muka tarar a inuwar tsamiya, bayan mun gaisa na ce, "Baba, ko za ka nuna wa jikokinka inda ganuwa ta bi?", ya miƙe da sandarsa ya kai mu wani tudu mai tsawo da ciyawa ta rufe. Da mu kaɗai ne, da mun wuce shi muna zaton kunyar gona ce.

Jihadi ya iso Dutse wajen 1806 zuwa 1807, ƙarƙashin jagorancin Salihi da Musa, kuma daga zuriyar shugabannin wannan zamani sarautar ta ci gaba. A zamanin Turawa Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Kano. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga ta zuwa masarauta a 1981, aka soke a 1983, sai kafa jiha ya dawo mata da matsayinta. Sarki Nuhu Muhammad Sunusi ya riƙe ta daga 1995 har rasuwarsa a Janairun 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi.

Hantsi ya dubi ludayi muka sauko muka ɗauki hanyar Birnin Kudu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. A bakin hanya muka sayi dabino, wanda Dutse ta yi suna da shi har akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a garin. Yawancin mutane sun san Birnin Kudu da Kwalejin Gwamnati, inda Aliko Ɗangote ya yi karatu, da asibitin tarayya, da kuma kasancewarta mahaifar Ali Sa'ad Birnin Kudu, gwamnan farar hula na farko a Jigawa. Mu kuwa duwatsunta muka zo gani: Dutsen Mesa, Dutsen Habude, Dutsen Murufu. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da su, kuma ta wurin ma'aikatanta ake bi a shiga.

Kogon da muka shiga ba mai zurfi ba ne irin wanda ake shiga da fitila. Ƙaton dutse ne ya yi rumfa, ka sunkuya ka shiga, sai ka ji sanyi ya ratsa ka ko da rana na tsaka. Da farko ba ka ganin komai sai dabbare-dabbaren dutse. Sai ido ya saba da inuwar, sannan ja-jan zane ya fara fitowa: ƙafafu, gadon baya, wutsiya, ƙaho. Shanu ne, wasu masu dogon ƙaho, wasu gajere. Muna nan muna ƙirga su sai Hajiya, wadda ta tashi a ƙauye maƙwabtaka da rugar Fulani, ta matso ta ƙura ido ta ce, "Ai waɗannan shanun ba su da tozo." Abin da masana suka tsaya a kansa ke nan. Shanun da muka sani yau, Bunaji da Rahaji da Bokoloji, duk masu tozo ne, kuma mai tozo daga baya ya shigo Afirka ta Yamma. Kafin shi marasa tozo ake kiwo, irin waɗanda aka zana a duwatsun Sahara, a Tasili ta Aljeriya da Azbin. Danginsu da suka rage su ne Kuri na bakin Tafkin Chadi da Muturu na kudu. Wanda ya yi zanen nan abin da idonsa ya saba gani ya zana. Ya san saniya sani na mai kiwo, ya san yadda take tsayuwa da yadda take sunkuyar da kai. Ya niƙa jar ƙasa, ya shafa a inda ruwan sama ba ya kaiwa, kuma garken da ya tsaya a gabansa ya ƙare daga wannan ƙasa, zanen bai ƙare ba.

Na daɗe a tsugune a wurin. A Garu ina yi wa yara maganar 1438 kamar ita ce ƙarshen nisa, ga shi a nan ana nuna mana mutanen da ba su bar suna ba, ba su bar sarki ba, sai hoton dukiyarsu.

Abin da ya fi tafiya da hankalin yaran shi ne dutse mai kiɗa. Wasu falalen suna zaune ne a kan 'yan uwansu ta yadda ƙarƙashinsu babu komai, idan ka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙararrawa, kowane gefe da muryarsa. Inda aka saba bugawa ya lotsa ya yi santsi kamar cikin turmi, kuma sai hannaye da yawa a tsawon zamani za su yi wa dutse haka. A nan Birnin Kudu ne Bernard Fagg, Baturen da ya yi aiki kan gumakan Nok kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya fara rubuta labarin irin wannan dutse a 1955, daga nan aka shiga gano su a wasu wurare a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka. Mutanen gari kuwa tun can sun san abinsu, har an daɗe ana danganta wurin da al'adun biki, 'yan mata na zuwa da amarya su yi kiɗa da wasa. Ƙaramar 'yata ta buga sau ɗaya ta ja da baya a tsorace, sannan ta dawo ta ƙi barin wurin har aka kira la'asar.

Akwai abin da ya ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye shi ba. A jikin wasu duwatsun, daga Garu har Birnin Kudu, samari sun rubuta sunayensu da gawayi da fenti. Zanen da ya jure shekarun da ba mu san adadinsu ba, hannu ɗaya mai maiƙo ko kwalbar ruwan da aka watsa don hoto ya fito zai iya dusashe shi. Babbar barazanar kuma ita ce fasa dutse. Da muka doshi Dutse da yamma, mun hangi tsaunin da aka cinye wa gefe guda, farin tabo a jikinsa ana hango shi daga nesa, manyan motoci na fita da tsakuwa. Ban ce a daina ba. Gari mai girma yana buƙatar tsakuwa, harsashin gidana na Takur ma da ita aka zuba shi, kuma akwai magidantan da guduma ce abincinsu. Abin da nake cewa shi ne a tantance. Gwamnatin jiha da masarauta da hukumar gidajen tarihi su zauna su bi duwatsun nan ɗaya bayan ɗaya, su ware masu kogo da zane da kufai da ragowar ganuwa, a shata musu iyaka a rubuce kafin a ba kowa izinin sa nakiya. Itace idan an sare ana dasa wani, dutsen da aka niƙa kuwa ya tafi ke nan.

Ga iyaye 'yan uwana na Takur da Fagoji da Gida Dubu, da shugabannin makarantun da yaranmu ke zuwa: man mota kaɗan da yini guda ne kuɗin wannan tafiya. Ku fita da sassafe tsakanin kaka da farkon sanyi, kafin hazo ya rufe sararin. Ku fara da Garu, ku nemi dattijo ya nuna muku ganuwa tun masu sanin wurinta suna raye. A Birnin Kudu ku bi ta hannun ma'aikatan gidan tarihi, ku sa wa yara takalmi mai kama dutse, kuma ku gaya musu tun daga gida cewa zanen da ido ake kallonsa, ba a taɓa shi.