Gudawa, kwalara da ƙarancin ruwa a jiki: abin da mai jinya ya kamata ya sani kafin a isa asibitin Ringim

Duk shekara idan damina ta yi nisa, Kogin Haɗejiya ya cika ya soma tsallake gaɓa, akwai abin da ma'aikatan lafiya a Ringim da Taura da Jahun suke jira ba don suna so ba. Ambaliya takan shiga masai, ta kwashe abin da ke ciki ta zuba a rijiyoyi, bayan 'yan kwanaki kuma a fara shigo da masu amai da gudawa. A shekarar 2021 hukumar NCDC ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohi huɗu da suka ɗauki fiye da rabin adadin, tare da Bauchi da Kano da Zamfara. Shekara guda bayan haka ambaliyar 2022 ta zo, Ringim na cikin ƙananan hukumomin da ta fi yi wa ɓarna.

Abin da ke kashe mai gudawa, a mafi yawan lokuta, shi ne ruwan da ya fita daga jikinsa ba a mayar masa ba. A nan ne aikin jinya ya fi na magani nauyi, kuma mafi yawansa a gida ake yinsa, a hannun uwa ko kaka ko 'yar'uwa, sa'o'i kafin a ga fuskar nas.

Yadda ruwa ke zirarewa

A kowace rana kimanin lita 8 zuwa 9 na ruwa ke ratsa hanjin babban mutum. Kaɗan ne daga ciki ya sha da bakinsa. Sauran yawu ne da ruwan tumbi da na matsarmama da makamantansu. Hanji yakan tsotse kusan duka ya mayar cikin jini, abin da ke fita tare da bayan gida bai fi cikin ƙaramin kofi ba. Gudawa ita ce lalacewar wannan tsari, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ana kiranta haka ne idan mutum ya yi bayan gida mai ruwa sau uku ko fiye a yini guda. Kwalara ta fi tsanani, domin gubar ƙwayar cutar tana tilasta wa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa da gishiri, har babba ya iya zubar da kusan lita guda cikin sa'a ɗaya. Bayan gidan yakan fito fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Mai irin wannan zai iya wayar gari lafiya, kafin la'asar ya kasa ɗaga kai.

Alamomin da ake dubawa

Nas ba ta buƙatar na'ura kafin ta gane jiki ya bushe, mai jinya ma zai iya koyo. Ana duba ido ko ya faɗa, baki da harshe ko sun bushe, yaro ko yana kuka babu hawaye. Ana miƙa masa ruwa a ga yadda zai karɓa: wanda ya fizga yana sha da zari ya fara bushewa, wanda ya kasa sha kwata-kwata ya shiga haɗari. Sai a matsi fatar ciki da yatsu biyu a saki. Idan ta koma nan take, da sauƙi. Idan ta wuce daƙiƙa biyu tana tsaye, ruwan jiki ya yi ƙasa sosai. Fitsari ma ma'auni ne mai gaskiya: yaron da ya shafe sa'o'i shida ko fiye bai yi ba, ƙodarsa tana riƙe ɗan ruwan da ya rage ne.

Maɗiga ta cancanci a tsaya a kanta. A gidaje da yawa ana ɗaukar faɗawar maɗigar jariri a matsayin cuta mai zaman kanta, a nemo abin shafawa a manna a ka. Ga jaririn da ke gudawa, maɗiga tana faɗawa ne saboda ruwan jikinsa ya ragu, kuma tana dawowa da kanta idan an mayar da ruwan. Haka nan zancen haƙori. Yaro yakan fara fitar da haƙori ne daidai lokacin da ya soma rarrafe yana kai komai baki, ana kuma fara ba shi kunu da ruwa. Ƙazantar da ke shiga cikinsa ita ke kawo gudawar. Kalmar “ai haƙori ne” ta sa an jira kwana uku a kan abin da bai kamata ya kwana ba.

Ruwan gishiri da sukari

A farkon shekarun 1960 masanin kimiyya Robert Crane ya bayyana cewa hanji na tsotsar gishiri tare da sukari ta ƙofa guda, ruwa kuma ya bi bayansu. Daga baya aka gane cewa kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, likita Dilip Mahalanabis ya rasa isassun ledojin ƙarin ruwa a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, sai ya sa 'yan'uwan marasa lafiya su riƙa ba su haɗin gishiri da sukari da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne ya yaɗa wannan hanya zuwa ƙauyuka lokacin da yake ministan lafiya daga 1985.

Ƙullin ORS na yanzu, wanda ake samu a kyamis da asibitocin unguwa, ya fi haɗin gida, domin bayan gishiri da sukari yana ɗauke da sinadarin potassium da wanda ke gyara tsamin jini. A karanta jikin takardar, domin wani ƙullin na lita ɗaya ne, wani na rabin lita. A zuba shi duka a ruwan da aka tafasa ya huce, kuma abin da ya kwana ya kai sa'o'i 24 a zubar a haɗa sabo. Idan babu ƙullin, ana sa cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin cokalin gishiri a lita ɗaya. A ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. Gishirin da ya yi yawa na iya jawo wa yaro jijjiga, sukarin da ya yi yawa kuma yana ƙara gudawar, shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan haɗi.

Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, mai shekara biyu zuwa goma 100 zuwa 200, babba kuwa gwargwadon abin da zai iya sha. Idan alamun bushewa sun bayyana amma yana iya sha, ƙa'idar asibiti ita ce mililita 75 ga kowane kilo na nauyinsa cikin sa'o'i huɗu. Yaro mai kilo 10 zai sha 750 ke nan. Da cokali ake bayarwa, kowane minti ɗaya ko biyu. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma a nan iyaye da yawa ke sarewa. Idan ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba a hankali, domin abin da ya zauna ya fi abin da ya fito.

Ba a tsayar da nono, ba a hana abinci. Kunu, fate, ayaba, duk abin da ya saba ci, kaɗan-kaɗan akai-akai. Tun 2004 aka ƙara ƙwayar zinc a ƙa'ida: miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba, kuma a ƙarasa ko gudawar ta tsaya. Abin takaici, abin da aka fi saya a kyamis shi ne Flagyl da kafso, alhali yawancin gudawar yara ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta, irin su rota, waɗanda waɗannan magunguna ba sa taɓawa. Rigakafin rota ya shiga jerin allurar yara a Najeriya a 2022, ana ɗiga shi a baki a sati 6 da 10 da 14. Magungunan tsayar da gudawa kuwa ba a ba ƙananan yara su.

Lokacin da gida ya gaza

A kama hanya nan take idan maras lafiya ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi yana neman suma, ko an ga jini a bayan gida, wato atuni, ko gudawar ta zama kamar ruwan shinkafa. A riƙa ba shi ORS a kan hanya muddin yana iya haɗiyewa. A asibiti za a sa masa ƙarin ruwa ta jijiya, galibi Ringer's lactate, mililita 100 ga kowane kilo, cikin sa'o'i uku ga babba da yaron da ya wuce shekara, sa'o'i shida ga jariri. Nas za ta riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, tana duba bugun jini da numfashi, domin ruwan da ya yi yawa na iya taruwa a huhu. Yaro mai tamowa shari'arsa daban ce: zuciyarsa ba ta jure ƙarin ruwa da sauri, akwai haɗi na musamman da ake ba shi mai suna ReSoMal. Wannan kaɗai ya isa dalilin ƙin yarda a sa wa yaro ledar ruwa a ɗakin kyamis. Kwalara mai tsanani da ba a kula da ita ba na iya kashe rabin waɗanda ta kama. Da kulawa a kan lokaci, ba ta kai ɗaya cikin ɗari.

Mai jinya shi ma abin karewa ne. Ya wanke hannu da sabulu bayan kowane ɗaukar fo, a zuba ruwan kulorin a kan amai da bayan gida kafin a juye a masai, kada a wanke zannuwan maras lafiya a bakin rijiya ko kogi. Gawar wanda kwalara ta kashe tana iya yaɗa cutar, saboda haka masu wanka su nemi jagorar ma'aikatan lafiya.

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, daidai lokacin da ambaliya ke rushe masai a garuruwan bakin kogi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, wani kaso daga ciki yana sauka kai tsaye a asusun asibitocin mazaɓu. Duk mai son bin sawun wannan kuɗi a masarautar Ringim zai iya shiga asibitin mazaɓarsa a watan Yuni, kafin ruwa ya yi ƙarfi, ya tambayi ƙullin ORS nawa ke cikin sito, ko akwai zinc da kulorin da ledojin ƙarin ruwa, da kuma wanda ke kwana a bakin aiki idan an kawo yaro da ƙarfe biyun dare.